Zare: yadda na zaɓi goyon tukunyar nutso don gulbin Kebbe

1/
Tun da na ɗora hoton kayan nutsona shekaranjiya, inbos ɗina bai huta ba. Wani ya ce tukunyar gas ce, wani ya ce me ɗan Tambuwal zai yi da kayan mutanen teku. To bari in yi zare ɗaya in amsa wa kowa. Da tsawo fa, ku nemi wuri ku zauna. 🧵

2/
Ga waɗanda suka fara bina kwanan nan: ɗalibi ne ni, ina karanta kimiyyar kifi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Babana ɗan Tambuwal ne, Innata 'yar Kebbe, gidan masunta. Shekarar koyon aiki ce ta kai ni Legas, can na koyi skuba, wato nutso da tukunyar iska a baya.

3/
Abin da zan yi magana a kai ƙarami ne a ido: yadda ake ɗaure tukunyar nan a bayan mutum. Kusan wata biyu na yi ina juya maganar kafin in saki kuɗina. Sai kun san ruwan da nake son shiga da ita sannan za ku ga dalili.

4/
Gulbin Zamfara ne. Yana biyowa ta Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, ya je ya haɗe da gulbin Sakkwato. Da rani akwai wuraren da yaro zai ƙetare da ƙafa. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa ya cika ya batse, ya shanye fadama, ya koma kalar kunun kanwa. Kuma dole a ƙetare shi, don gona na can, kasuwa na can.

5/
Kun san labaran ruwayenmu. Afrilun 2022, Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabtanmu: mutum 29. Mayun 2023, Dandeji, a Shagarin dai: yara 15 da suka tafi itace. Satumbar 2024, Gummi: jirgin manoma, gomman mutane. Allah Ya jiƙansu da rahama.

6/
Duk sanda irin haka ta faru, masunta ake fara kira, don su ne kusa. Kawuna, ƙanin Inna, yana cikinsu. Daga shi sai gajeren wando. Ya ja numfashi, ya nutse, ya laluba ƙasan ruwa da hannu, ya taso. Minti ɗaya, in ya matsa da rabi. Ya sake. Haka har magariba.

7/
Ya haura hamsin yanzu, kunnensa na hagu ya daina ji sosai. Amma in uwa ta zo ta tsuguna a ƙofar gida tana roƙon a nemo mata ɗanta ko don a yi masa sutura, wa zai iya ce mata a'a? Shi dai bai taɓa cewa ba.

8/
In faɗi gaskiya tun yanzu: tukunya ba ta ceton wanda jirgi ya kife da shi. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska, kafin ka gama ɗaura kaya ma an wuce haka. Rigar kariya ce ke ceto, da rage lodi. Aikin tukunya shi ne a dawo wa mutane da nasu, kuma mai neman ya fito da ransa.

9/
Tukunyar da na samu ta alminiyom ce, irin wadda aka fi amfani da ita a duniya. Cikinta lita 11, ana danna mata iska har bar 207. In ka buga lissafi, kusan lita 2,300 ke nan. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse, ku daina ce mata oksijin ɗin asibiti. 😅

10/
Kowane mita 10 na zurfi yana ƙara matsin bar ɗaya, don haka a mita 5 kana shan iska ninki ɗaya da rabi na yadda kake sha a tudu. In kana aiki cikin ruwa mai gudu, ka ware bar 50 na ajiya, za ka samu wajen minti 35 zuwa 40. Ku kwatanta da minti ɗayan Kawu.

11/
Sai dai nauyinta babu iska ya kai kilo 14, iskar ciki ta ƙara kusan 3. Goyo ne sosai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda goyo ke sulalewa in majanyi ya saki, ya riga ya gane matsalar. Bambancin kawai, wannan goyon shi ne numfashinka.

12/
Kayan goyon kashi uku ne. Na farko faranti: ƙarfe mai kwari a tsakiya da ke kwanciya a gadon bayanka, 'yan harkar na ce masa bakfilet. Na biyu bel guda ɗaya dogo, faɗinsa santimita 5, ya ratsa farantin ya riƙe kafaɗu da ƙugu, da wani gajere ta tsakanin ƙafafu. Na uku jakar iska da suke kira win, wato fiffike.

13/
Fiffiken yana zama tsakanin faranti da tukunya. Aikinsa kamar gorar da kuke ganin masunta na kwanciya a kai a Matan Fada ranar bikin Argungu. Shi dai kana iya ƙara masa iska ko ka rage, ka tsaya cak a tsakiyar ruwa, ba ka nutse ba, ba ka taso ba.

14/
Tsarin ya fito ne daga masu nutso cikin kogon dutse mai ruwa a Filorida, Amurka. Greg Flanagan ake dangantawa da farantin farko, a 1979. Bill Main kuma shi aka sani da tsarin bel guda ɗaya, ƙa'idarsa ita ce abin da ba ka buƙata kar ka shiga ruwa da shi. Ku riƙe wannan, Kawu zai faɗi irinta da bakinsa.

15/
Hanyar ɗora tukunya huɗu ce:
A. Tagwaye, tukunya biyu a baya.
B. A gefe, kowace ƙarƙashin hammata.
C. Tukunya ɗaya a kan sirdi.
D. Tukunya ɗaya kai tsaye a kan faranti.
Biyun farko ban ɓata lokaci a kansu ba.

16/
Tagwaye ana haɗa su da zobban ƙarfe da bututu a sama, a ɗaure su da noti a farantin. Da iskarsu sun doshi kilo 40. Na masu zurfi ne da masu daɗewa. Ni kuwa babur zan hau daga Tambuwal, in sauka in shiga kwale-kwale. Wane ɗan acaɓa zai ɗauke ni da kilo 40 a hanyar damina?

17/
Na gefe kun gan shi a 2018, lokacin da aka ceto yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang a Tailan. Da shi wasu masu nutson suka ratsa matsattsun wurare. Yana da kyau, kan tukunya na gabanka kana taɓawa. Amma kayansa daban, karatunsa daban, kuɗinsa daban. Sai gaba in Allah Ya hore.

18/
Saura C da D, kuma a nan aka yi wata biyun. Matsalar ita ce asalin farantin don tagwaye aka ƙera shi. Tudun tsakiyarsa yana shiga tsakanin tukwane biyu ya zauna daram. In ka ɗora tukunya ɗaya, mulmulallen abu ne a kan tudu. Dole a nemi dabarar da za ta hana shi rawa.

19/
Dabara ta farko ita nake kira sirdi, 'yan harkar na ce masa STA. Wani siririn ƙarfe ne mai kwari kamar indararo. Ka ɗaure shi a faranti da noti biyu masu kunne, fiffike na tsakani, tukunya ta kwanta cikin kwarin, bel biyu su rungume ta. Kamar dai doki: sirdi tukuna, sannan mahayi.

20/
Dabara ta biyu babu sirdi. Bel ɗin tukunya ne ke ratsa tsagar faranti, ya ratsa tsagar fiffike, ya zagayo tukunya ya matse su duka uku wuri ɗaya. Fiffiken da aka yi don haka yana da wasu sanduna biyu ko matasai a jikinsa da ke tallafe tukunyar hagu da dama.

21/
Malamina na Legas ɗan sirdi ne, kuma hujjojinsa masu ƙarfi ne. Na ɗaya, tukunya a sirdi ba ta motsi ko kaɗan. Na biyu, ramukan noti tazararsu inci 11 ce, kusan duk kamfanoni sun yarda da haka, don haka sirdi na shiga kowane faranti. Tsagar bel kuwa kowane kamfani da inda yake yanka tasa.

22/
Na uku, shi yau yana tagwaye, gobe yana tukunya ɗaya. Noti biyu zai kwance ya canza. Na huɗu, sirdin na ƙara ɗan nauyi daidai kan ƙashin baya, ya rage dalmar da zai ɗaura a ƙugu. A ruwan gishiri, da rigar roba mai kauri, wannan riba ce. Duk gaskiya ya faɗa.

23/
Na ce masa, Oga, duk na ji, amma ruwan da kake shiga kana ganin hannunka. Namu in ka nutse taku biyu, idonka a buɗe ko a rufe duk ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ɗauko sirdinsa na ajiya ya ba ni aro. Ya ce in je in gwada duka biyun a ruwanmu in dawo masa da labari. Allah Ya saka masa.

24/
Da hutun ƙaramar Sallah na kai kayan Kebbe. Lokacin ruwa ya ja baya, akwai wani gurbi da bai wuce ƙirji ba, babu gudu. Na shimfiɗa komai a tabarma. Kawu ya tsuguna yana ɗaga kowane abu yana juyawa. Da ya zo kan sirdi ya ce: "To ɗana, wanga ƙarhen, mi amfaninai?"

25/
Na yi masa bayani irin na malamina. Ya saurara har na gama. Ya ce in nuna masa abin da ke riƙe da shi. Na nuna noti biyu. Ya murza ɗaya da yatsa ya fita, ya ɗora shi a tafin hannu, ya dubi yashin da muke zaune a kai, ya dube ni. Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

26/
Ku gane, notin nan na ƙarfen da ba ya tsatsa ne. In ya faɗa yashi ko ya gangara ƙasan kwale-kwale ya bi ruwa, ba abu ne da zan leƙa shagon kayan babur in ce a ba ni ba. Na baƙin ƙarfe zai shiga, amma damina ɗaya tsatsa ta cinye shi. Kuma girgizar babur ba abin da ba ta kwancewa.

27/
Sannan ya kawo maganar da ban taɓa ji a aji ba: abin da ke ƙasan gulbi. Kututturen da ambaliya ta kwaso. Tsohuwar ragar da ta tsinke aka bari. Gura da sauran tarkon kifi. Uwa uba mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi jere babu koto, wadda duk abin da ya gifta sai ta cafke.

28/
Masunta na jin tsoron mamari fiye da kada. Kawu yana da tabo a cinya da zai ba ku labari. Shi da ke shiga daga shi sai wando ke nan. Ina ga mai tukunya, da tiyo, da bel, da jakar roba a baya inda idonsa da hannunsa ba sa kaiwa sosai?

29/
Sai ya ce: "Ruwa ba shi son kaya. Duk abin da kaƙ ƙara ma jikinka, hannu na kab ba shi shi riƙe ka." Na tuna da Bill Main na yi dariya. Mutumin Filorida da mutumin Kebbe, ba wanda ya san da zaman wani, magana ɗaya.

30/
Muka yi gwaji. Na ɗaura da sirdi, na durƙusa cikin gurbin, Kawu ya ja tsohuwar raga ta kan bayana daga gaba zuwa baya, sannan daga baya zuwa gaba. Muka cire sirdi muka sake. Yaran unguwa sun cika bakin ruwa, sun samu fim kyauta. 😂

31/
Sakamako, ba ƙari: duka biyun raga ta kama kan tukunya, wurin famfon iska. Wannan babu makawa. Amma da sirdi zaren ya kan kuma shige ratar da ke tsakanin tukunya da fiffike ya maƙale a bakin ƙarfen. Ba sirdi, ratar ta rufe. Bambancin ba shi da girma, amma wuri ɗaya ne da hannuna ba ya kaiwa.

32/
Abu na biyu da na ji a jikina: sirdi na ɗaga tukunya daga baya kamar yatsa biyu. A tsaye ba ka ji. In ka kwanta a ruwa ka karkata gefe kana laluben ƙasa, sai ka ji tana son ta juya da kai. Ba sirdi, ta lafe kamar goyon da aka ɗaure da kyau. A ruwa mai gudu wannan lafewar nake so.

33/
Abu na uku: kai hannu. Dole mai nutso ya iya miƙa hannu ta bayan wuya ya taɓa famfon tukunyarsa, ko don ya buɗe in an manta, ko don ya cire zare. Yatsa biyun nan da sirdi ya ƙara, ni da kafaɗata ba ta da laushi, su ne tsakanin kamawa da shafawa.

34/
Kar in yi wa sirdi rashin adalci. Ba shi, komai ya dogara ga bel. In ya yi sako-sako tukunya za ta riƙa rawa, in ya saki duka uku ne suka rabu. Canza tukunya kuma yana ɗan cin lokaci don fiffike na zamewa. Ni tukunya ɗaya gare ni, wace zan canza?

35/
To ga abin da na tsayar: kai tsaye, ba sirdi, bel BIYU. Faranti da fiffike na kamfani ɗaya, don tsagarsu ta hau kan juna. Na hannu na saya, na sa aka hura fiffiken aka bar shi kwana ɗaya a gabana kafin in biya. Kuɗin albasar da na noma da yayana ne, ba na wasa ba.

36/
Me ya sa bel biyu? Ku tambayi kowace uwa me ya sa take ɗaura zane ta kuma ƙara majanyi. In ɗaya ya saki, ɗaya na riƙe har ka fito. Masu ƙullin ƙarfe na zaɓa, don na roba rana na gasa shi ya tsage, kuma kun san ranar Sakkwato ba ta wasa.

37/
Farantin kuma na alminiyom na ɗauka, bai kai kilo ɗaya ba. Na ƙarfe yana kai kilo biyu da rabi. Dalili: ruwan gulbi ba ya ɗaga mutum kamar na teku, bambancin kusan kashi 2 da rabi cikin ɗari ne. Ni da kayana wajen kilo 90, ka ga sama da kilo 2 na dalma sun fita ke nan.

38/
Ga kuma babban dalilin. Ƙugiyar mamari ɗaya ta isa ta huda fiffike. In ya huje, dole in iya tasowa da ƙarfin ƙafata, tukunya cike. Nauyin da ke cikin faranti ko sirdi ba ya ciruwa. Dalmar ƙugu kuwa ƙulli ɗaya zan ja ta faɗi. Gara nauyina ya zama wanda zan iya yarwa.

39/
Fiffiken ƙarami ne, mai zagaye kamar taya, yana ɗaga kilo 13 zuwa 14. Wani ya so ya sayar min da babba na tagwaye wai ya fi ƙarfi. In ka sa shi a tukunya ɗaya, gefensa naɗowa yake ya rungume ta, iska ta maƙale ta ƙi fita, ga faɗi da zai riƙa kwasar raga. Girma a nan ba riba ba ce.

40/
Yadda nake ɗaurawa, ga mai son sani. Farko in jiƙa bel ɗin sharkaf. Nailan na miƙewa in ya sha ruwa, wanda ka matse a bushe zai saki bayan ka nutse. Da yawan tukwanen da ke zamewa, wannan ne sanadi. Buta ɗaya ta isa.

41/
Bel na sama ya zauna ƙasa da kafaɗar tukunya, inda jikinta ya miƙe. In ya hau kan lanƙwasa, sulalewa zai yi. Tsawo kuma in daidaita: in na ɗaga kai ƙeyata ba ta bugun na'urar shaƙa, in na miƙa hannu ina kama famfo. Da na samu wurin, na zana layi da fenti a jikin tukunyar.

42/
Layin nan don kar sai ni kaɗai na iya. Ɗan Kawu, sa'ana, yanzu yana haɗa kayan idonsa a rufe da rawani. Ƙarshe a kama bel ɗin kafaɗa a ɗaga a jijjiga. In tukunya ta motsa ko kaɗan, a kwance a sake. Bayan kowace tafiyar babur a sake dubawa. Almakashi ɗaya a ƙugu, 'yar wuƙar yankan zare a ƙirji, kowane hannu na kaiwa.

43/
Kuma ba a barin ta a rana. Tukunya cike, duk digiri ɗaya na zafi yana ƙara mata kusan kashi 7 cikin 10 na bar. A watan Afrilu da muke haura digiri 40 a inuwa, ku ƙiyasta ƙarfen da aka yar a yashi. Inuwa, a kwance, da jiƙaƙƙen buhu a kai.

44/
Gargaɗi, don na ga masu cewa za su haɗa nasu. Bel in ya tsinke, baduku zai ɗinka. Faranti ma ƙarfe ne kawai. Amma tukunya da na'urar shaƙa ba a yi musu dabara. Ana duba cikin tukunya duk shekara, a yi mata gwajin matsi duk shekara 5. Tukunyar gas ko ta kashe gobara ba ta wannan aikin.

45/
Kuma don Allah kar wanda ya shaƙi iskar injin mai faci a ƙarƙashin ruwa. Akwai mai a cikinta, ga hayaƙin injin da ke iya shiga, wanda gubar cikinsa ba ta da wari kuma tana kisa. Cika tukunya sai inji na musamman mai matata. Shi ne babban abin da ke gabana yanzu, ya fi duk kayan nan tsada.

46/
Wani abu da ya kamata 'yan gidan masunta su ji da kyau: ƙwarewar riƙe numfashi ita ce haɗari a skuba. In ka shaƙi iskar tukunya a ƙasa ka riƙe ka taso, tana kumbura a huhu. Ko mita ɗaya da 'yan kai na iya yaga shi. Shi ya sa ban ba Kawu ya gwada ba, shi ma bai nema ba.

47/
Inna fa? Ta ga kayan ta yi shiru kwana biyu. Ranar da zan koma ta ce, ƙanina ya gama ba ni tsoro shekara talatin, yanzu kuma kai. Sannan ta kafa sharaɗi: in ba Kawunka ke riƙe da igiya ba, ba ka shiga. Na ce na yarda, Inna.

48/
Abin mamaki, haka ƙwararrun masu neman mutane a baƙin ruwa ke yi a ko'ina. Mai nutso ɗaya a ƙasa da igiya a jikinsa, mai riƙe igiya a sama yana juya shi da ja ɗaya, ja biyu, ja uku, ga na uku a shirye da kayansa ko da wani abu. Na saman shi ne idon na ƙasa.

49/
Wa ya fi Kawu cancanta da wannan? Ya san inda ruwa ke juyawa, inda yake ajiye abin da ya ɗauka, inda wane ya saba kafa mamari. Wannan ilimin babu shi a takardata. Shi ya karanta gulbi daga cikin jirgi, ni in zama hannunsa a ƙasa, kunnensa ɗaya da ya rage ya huta.

50/
Amma ba bana ba. Takardata ta matakin farko ce, ta ruwa mai haske. Akwai karatun ceto, akwai na nutso da igiya a ruwan da ba a gani, kuma sai an samu mutum na biyu mai cikakken kaya. Kafin nan, gurbin rani kawai nake shiga ina maimaita haɗawa da kwancewa. Ambaliya ba wurin koyo ba ce.

51/
Sirdin na mayar wa malamina da labarin ragar. Ya ce shi dai yana nan kan nasa, ni ma in tsaya kan nawa. Duk wanda zai sayi irin kayan nan, kafin ya tambayi wanne ya fi, ya fara amsa: wane ruwa, me ke ƙasansa, da me zan kai kayan, wa zai haɗa min in hannuna na rawa.

52/
In akwai mai skuba a nan daga Jega, Gummi, Yawuri ko Argungu, ko wanda ya taɓa aiki da sirdi a gulbi yana ganin akwai abin da ban hango ba, ya ajiye min a ƙasa, ina karantawa. Musamman wanda ya san harkar injin cika tukunya.

53/
Sauran kuma, damina na tafe. In za ku shiga jirgi ku ga an cika shi da mutane da buhuna da babura, ku jira sawu na gaba. In akwai rigar kariya ku saka, ko ana muku dariya. Ku tura wa 'yan'uwanku na bakin gulbi.